MU JE MU GANI KAFIN MU RUSHE

Kaka ta yi, gero da dawa sun shiga rumbu, lokacin zama a yi shawara ke nan. A tarurrukan ƙungiyoyinmu na gama kai, daga wajen Anka har zuwa Gummi, magana biyu suna ta tasowa. Ta fari ita ce a rushe tsohuwar majami'ar ƙasa a gina ta bulo da siminti, ko da za a taɓa kuɗin ƙungiya, ko ma a ci bashi. Ta biyu kuwa ba ta daɗewa a bakin mai ita kafin a yi masa dariya, watau a fid da 'yan kuɗi a aiki waɗansu su je su ga yadda ekklisiyoyin da suka girme mu suke riƙe da gine-ginensu. Da an ambaci ziyara sai ka ji wani dattijo ya ce yawon kallo na mai cikakken ciki ne, mu da muke neman kuɗin taki ina mu ina wannan.

Ni dai a ganina magana ta biyu ce ya kamata a fara zartaswa, ta farin ta jira. Kada wata ƙungiya ta ɗaga diga a kan bangon majami'arta sai ta aiki mutanenta Wusasa, kusa da Zariya, sun gani da idonsu sun komo sun ba da labari. Kuɗin motar mutum huɗu ƙaramin abu ne in an gwada shi da simintin da ginin zai ci, balle bashin da za a bar wa 'ya'ya.

Dukanku kun san yadda manomi yake da sabon iri. Malamin gona ya yi ta bayani har muryarsa ta dushe, ba wanda zai saya. Amma a shuka kunya goma a bakin hanya, a bar mutane su wuce su ga zangarniya, baɗi sai iri ya kasa isa. Gani ya kori ji. Abin da gonar gwaji take yi wa iri, shi ziyara take yi wa gini.

Waɗanda suke cewa wannan al'adar masu kuɗi ce ta Turai, bari mu duba Turan da kyau. A ƙasar Faransa akwai wani gari, ana rubuta sunansa Chartres, ana faɗinsa Shartar. Yana kudu maso yamma da Faris, babban birninsu, tafiyar kamar kilomita 90. Tun 1849 layin dogo ya kai garin. Yau mutum yakan karya kumallo a Faris, ya sayi tikiti ya shiga jirgin ƙasa, bayan awa ɗaya da 'yan mintoci ya sauka, ya taka da ƙafa daga tasha zuwa babbar majami'ar garin, ya yini yana dubawa, ya koma gida ya ci abincin dare da iyalinsa. 'Yan makaranta suna yi, ma'aikata suna yi ran hutu, tsofaffi suna yi. Ƙasar da ke kewaye da garin shimfiɗaɗɗiya ce, ƙasar alkama, Faransawa suna ɗaukarta rumbun ƙasarsu. Tun jirgi yana nesa ake hango hasumiya biyu sun miƙe bisa gonaki, kowace ta fi mita 100, ɗaya ba ta yi kama da 'yar'uwarta ba, gama akwai shekaru fiye da 300 tsakanin gama ta fari da gama ta biyu.

Me manomin Bukkuyum zai gani can in da ya je? Zai ga aikin mutane irinsa. A watan Yuni na 1194 gobara ta cinye mafi yawan majami'ar da ke wurin, har da wani sashi na garin. Bishop da firistocinsa suka yi alkawari za su ba da babban rabo daga abin da suke samu har shekara 3. Aka haƙo dutse daga wani wuri kusa, tafiyar 'yan kilomitoci, ba a je wata ƙasa nemansa ba. Cikin shekara kamar 30 mafi yawan ginin ya tsaya, aka keɓe shi a 1260. Tun kafin gobarar ma, wajen 1145, sa'ad da ake aikin hasumiyoyin, wasiƙun manyan ekklisiya na zamanin sun ba da labari cewa mutane, manya da talakawa, maza da mata, sun ɗaura wa kansu igiya kamar shanun huɗa, suna jan amalanke cike da dutse da itace da hatsi zuwa wurin gini. An ce wanda ya ƙi gafarta wa abokin gabansa, sai a sauke kayansa daga amalanke, ba a karɓa. Mai yiwuwa marubutan sun ƙara gishiri kaɗan, amma abin da suka kwatanta mun san shi. Mu gayya muke kiransa.

Tagogin ginin na gilashi ne mai launi, fiye da 150 daga cikinsu tun na wancan zamani ne. Mutane da yawa a lokacin ba su iya karatu ba, sai aka zana musu labarun Littafi Mai Tsarki cikin gilashi, rana tana haskawa suna karantawa da ido. Abin da ya fi ba ni sha'awa yana can ƙasan tagogi kamar 40, inda aka zana masu sana'a suna bakin aikinsu. Ga masu gasa burodi, ga mahauta, ga dukawa suna ɗinkin takalmi, ga masassaƙa suna haɗa ƙafar amalanke, ga masaƙa, ga magina, har da 'yan ga-ruwa. An daɗe ana cewa ƙungiyoyin sana'ar ne suka biya kuɗin tagogin. Waɗansu masana kuwa suna ganin firistoci ne suka sa a zana su domin su jawo su jiki. Ko wanne ne gaskiya, ɗan ga-ruwa yana nan cikin tagar ɗakin sujada shekara 800, a wuri ɗaya da sarakuna. A bakin ƙofofin kuma an sassaƙa aikin kowane wata na shekara: mai shuka, mai girbi da lauje, mai sussuka, da wani yana jin ɗumin wuta a watan sanyi. Maginan ba su ji kunyar noma ba.

Kada mu ɗauka kome ya tafi lami lafiya. A 1210, ana tsakiyar aiki, rigimar iko da ta kuɗi ta tashi tsakanin firistoci da hakiman gari, jama'a suka yi bore suka fasa gidan shugaban firistocin. Dattawanmu su riƙe wannan. Baiko dabam, haraji dabam. Ranar da gudummawar gini ta zama tilas, har ana karanta sunan gwauruwa a gaban jama'a domin ba ta kawo tiya biyar ba, ranar an fara gina bango tsakanin masu bi.

Har wa yau dutse shi kaɗai bai tsai da ginin ba. A 1836 sakacin ma'aikata ya sa wuta ta cinye rufin katako, aka sāke shi da ƙarfe da tagulla. A 1939, da yaƙi ya matso, aka kwance tagogin ɗai ɗai aka ɓoye, bayan yaƙi aka mai da kowace wurinta. A Faris kuma babbar majami'ar Notar Dam ta ƙone a watan Afrilu na 2019, aka sāke buɗe ta a Disamba na 2024. Da za a mai da rufinta yadda yake, sai da aka nemo masassaƙan da har yanzu sun iya feƙe gungumen itace da gatari irin na kakanninsu. In da sana'ar ta mutu, kuɗi ba za su tashe ta cikin shekara 5 ba. Mutanen da suke shiga jirgi suna zuwa kallo kuwa, su ne suke sa hannu a aljihu in ɓarna ta auku, domin abin da mutum ya taɓa gani da idonsa ba ya so a ce ya rushe.

To, mu komo gida. Ba mu da ginin dutse na shekara 800, amma muna da namu, an kuwa yi shi da irin ƙasar da muke takawa. Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, yana magani, yana koyar da yara, yana juya Littafi Mai Tsarki. A 1929 mishan ta tashi daga cikin birni ta koma Wusasa, kusa da dutsen Kufena, aka kuwa gina majami'ar Bartalamawus Mai Tsarki. Ba a kwaikwayi ginin Ingila ba. Ginin Hausa aka yi, na ƙasa, da bango mai kauri da bakan gizo, irin wanda maginan Zazzau suka gāda. Bayan shekara 3, a 1932, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito. Daga wannan ƙaramin wuri aka sami Likita R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da Janar Yakubu Gowon wanda ya yi mulkin Nijeriya cikin waɗannan shekaru. Ba wanda ya taɓa cewa bangon ƙasa ya rage musu daraja. Ginin yana nan tsaye, ya doshi shekara 100. Ku faɗa mini, ajin bulo nawa kuka gani a makarantun ƙauyukanmu wanda bai kai shekara 20 ba, bango ya tsage, iska ta yaye kwano?

Wanda ya je Zariya kuma ya kamata ya san tushen wannan gwaninta. Babban masallacin Jumma'a na cikin birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen shekarun 1830, shi ne ya kasance kan gaba a ginin ƙasa na ƙasar Hausa duka. Sana'a ɗaya ce ta yi wa maƙwabtanmu Musulmi masallaci, ta yi mana majami'a. A garuruwanmu ma yawancin tsofaffin maginan da suka rage Musulmi ne. Ba laifi ba ne dattijon ekklisiya ya je da goro ya gai da irin wannan tsoho, ya ce, "Baba, zo ka duba mana bangon nan." Na ga inda aka yi haka, zumuncin da ya biyo baya ya fi bangon amfani.

Ga wani abin lura. A 1929 ɗin nan da aka gina majami'ar Wusasa, a shekarar ce layin dogo daga Zariya, ta Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda, tsawon fiye da kilomita 200. Domin gyaɗa da auduga da fata aka shimfiɗa shi, ba domin mu ba, amma talaka ya ci moriyarsa. Mutumin Gusau yakan shiga tarago da buhunsa da kajinsa ya sauka Zariya, daga tasha zuwa Wusasa kuwa ba nisa. Bukkuyum ba ta taɓa ganin jirgi ba, sai an sha hanyar Anka an kai Gusau tukuna, duk da haka rabin wahalar ta ragu. Yau ba mai shirya tafiya yana dogara da jirgin Gusau. An sha maganar gyara. An buɗe sabon layi tsakanin Abuja da Kaduna a 2016, mutum yana iya zuwa ya komo a yini ɗaya, ko da yake harin da aka kai wa jirgin ran 28 ga Maris 2022 ya tsai da shi har Disamba na shekarar. A 2021 aka aza harsashin wani daga Kano zuwa Maradi ta Katsina da Jibiya. Ba ɗaya cikinsu da ya taɓa ƙasar Zamfara. Abin da ɗan makarantar Faris yake yi tsakanin kumallo da abincin dare, mu sai mun kwana biyu ko uku a kansa, da zuciya a hannu.

Wannan ya kamata ƙungiyoyinmu su riƙa faɗa wa duk mai neman ƙuri'armu. Layin da zai kai manomi ziyara, shi ne zai kawo taki da araha, ya kwashe wake da waken soya ba tare da kuɗin mota ya cinye riba ba. Amma jirgin ma abin koyi ne a maganar da muke yi. Ƙarfe ne, ba ƙasa ba, Turawa suka shimfiɗa shi da injiniyoyinsu, rashin kula ya kwantar da shi, majami'ar ƙasa tsararsa kuwa tana nan ana shiga.

Yanzu bari in saurari masu son bulo, gama suna da hujja, ba kuwa ƙarama ba. Suna cewa ƙasa ba ta jure ruwa. Gaskiya ne. Mun ga abin da ambaliya ta yi a Gummi a damunar 2024, gidajen ƙasa da yawa suka zube. Suna cewa gara tana cin itace, azara ta yi tsada, giginya ta ƙare a daji, samari kuma ba su iya tubali ba. Duk gaskiya ne. Akwai kuma wadda ba a faɗa a fili, ita ce kunya. Mu kaɗan ne a wannan yanki, muna so baƙo in ya zo ya ga ɗakin sujadarmu bai kasa na kowa ba. Ban raina wannan ba.

Amma mu bi su ɗaya ɗaya. Ruwa yana kashe ginin ƙasa ta wuri biyu, ta ƙafa da ta ka. In an gina a kwari ko a bakin gulbi, ko bulo ne zai sha wuya, maganin wannan tudu ne. In harsashi na dutse ne da siminti, an ɗaga shi ya kai gwiwa, an yi dakali kewaye, an gyara magudana ruwa yana gudu nesa, ƙafa ta tsira. In rufi ya fito waje sosai ya yi wa bango laima, ko kuwa soro ne ana share indararo kowace bazara, kai ya tsira. Abin da ya rage yaɓe ne. Kakanninmu suna da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, suna da laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin dabba da dafara. Ɗorawa tana gonakinmu, mata suna daddawa da kalwarta, kwasfar kuwa yawanci zubarwa ake yi. Akwai kuma hanya ta tsakiya: a haɗa jar ƙasa da siminti ɗan kaɗan, a matse da injin hannu, a sami bulo mai ƙarfi wanda bai ci siminti kamar na yashi ba. Irin wannan inji ƙungiyoyi biyu ko uku suna iya haɗa kuɗi su saya, su yi majami'a da shi, su yi ɗakin ajiyar hatsi, su kuma ba da haya.

Ku tuna da watan Afrilu. Wanda ya taɓa zama cikin ginin bulo mai siririn bango da kwano ba sili, da tsakar rana, ya san wa'azi ba ya shiga kunne, jarirai suna kuka, tsofaffi suna fita neman inuwa. Bango mai kauri na ƙasa yana riƙe sanyin dare har rana ta yi tsaka. Rumbunanmu shaida ne, shi ya sa har yau ba mai hankalin da ya rushe rumbun ƙasa domin kunya.

Maganar giginya kuwa laifin dukanmu ne, ana sara ba a shukawa. Itace ne mai jinkiri, wanda ya binne ƙwallonsa yau jikansa ne zai fasa azara. To, jikan nan ba namu ba ne? Kowace ƙungiya tana iya jera ƙwallo a iyakar gonar ekklisiya, a tsare shi daga masu haƙar muruci.

Akwai gargaɗi guda da ya shafe mu fiye da kowa, ina roƙo a karanta shi da ƙarfi a taro. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin su 'Yargalma da Tungar Guru da Dareta da Abare da Bagega, saboda ana niƙa dutsen zinariya cikin gidaje, ƙurar tana shiga ƙasa. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, likitocin MSF suka yi shekaru suna jinyar yara. Dalma ba ta ruɓewa. Saboda haka kada a ɗebi ƙasar gini ko ta yaɓe daga inda aka taɓa niƙa ko wanke dutse, kada a kwaɓa da ruwan kududdufin da aka yi wanki a ciki, kada a sayi tubali sai an san ramin da ya fito. Yara ne suke rarrafe a ɗakin sujada, suna sa hannu a baki. A tambayi tsofaffin unguwa da ma'aikatan lafiya kafin a haƙa rami.

Ba na cewa kada a taɓa gina majami'ar bulo. Inda jama'a suka yi yawa ɗaki ya kasa, ko bango ya riga ya rabu da harsashi, a yi sabo. Abin da nake ƙi shi ne a rushe mai rai domin kwaikwayo, a kuma yi shi da kuɗin da aka tara domin taki da iri da rance. Kuɗin ƙungiya amana ne. Na san wata ƙungiya da ta ba kwamitin gini rancen kuɗin takinta, aka ce za a biya bayan kaka. Ginin ya tsaya a lintal shekara da shekaru, ciyawa tana tsiro a ciki, an rushe tsohon, ana sujada ƙarƙashin rumfa, a damunar kuma mambobi suka sayi taki a kasuwa da tsada. Ba wanda ya ci kwabo a ciki, mutanen kirki ne duka. Lissafi ne ba a yi ba. In ma za a yi sabo, a bar tsohon ya zama ajin yara, ko wurin taron zumuntar mata, ko ɗakin ajiyar iri. Iyayenmu ne suka kwaɓa ƙasar da ƙafafunsu.

Masu karatun Littafi sun san Nehemiya. Da ya iso Urushalima bai fara da tara kuɗi ba. Ya fita da dare da mutane kaɗan, ya zaga ya dudduba garun da ƙofofin, sa'an nan ya kira jama'a. Da aka fara aiki kuma aka rarraba, waɗansu suka gyara sashin da ke daura da gidajensu, maƙeran zinariya da masu turare da 'yan kasuwa duk suka sa hannu, har da 'yan mata, aka gama cikin kwana 52. Dubawa ce ta zo da fari.

To, wa za a aika? Kada a ce sai shugaba da ma'aji, kamar yadda muka saba. A sa magini, ko saurayin da yake koyon gini, domin idonsa zai ga abin da namu ba zai gani ba. A sa mace daga zumuntar mata, gama su ne suke ɗebo ruwan gini, su ne kuma suke yin daɓe. A sa wanda ya fi kowa son a rushe. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi muhimmanci, in ya komo bai sāke ra'ayi ba, aƙalla zai yi gardama da sani. Su tafi da igiyar awo da littafin rubutu. Su auna kaurin bango, su duba yadda harsashi ya haɗu da ƙasa, su bi ruwan sama da ido daga rufi har inda yake zuba. Su nemi wanda yake lura da ginin su tambaye shi sau nawa ake gyara, da me, wa yake biya, wane wuri ne ya fi ba su wahala. Kada su ji nauyin tambayar abin da ya lalace, a nan ilimin yake. Wayar hannu tana ɗaukar hoto, a ɗauko da yawa, har da na tsaga.

Tun da an kai Zariya, Samaru tana nan kusa, inda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello take, wurin da irin masara da dawa da wake da gyaɗa masu suna da SAM a farko suke fitowa. Yini ɗaya Wusasa, yini ɗaya Samaru. Dattijon da ya ce yawon banza ne, in aka komo masa da labarin irin wake mai saurin nuna da inda ake samun na gaskiya, ina tsammani zai sassauta.

Maganar hanya ba ta wasa ba ce, ba kuwa zan ce wa kowa ya jefa ransa cikin hatsari domin kallon bango ba. Dukanmu mun san halin da ake ciki tsakanin nan da Gusau, da tsakanin Gusau da Funtuwa. Kada a cika mota da mutanen ƙungiya ɗaya, kada a yi shelar rana a kasuwa. Mutum uku ko huɗu sun isa, su shiga motar haya kamar kowa, da rana tsaka, bayan an tambayi direbobin tasha labarin hanya a safiyar. In aka ce ba kyau, a fasa, a jira wani mako, bangon Wusasa ba zai gudu ba. Ƙungiyoyin da ke kusa da juna su haɗa wakilai, a raba kuɗin. Wanda kuma yake da ɗa ko ƙane yana karatu a Zariya, a fara aikensa ya je ya ɗauko hotuna ya nemi wanda za a yi magana da shi.

Fasto ko mai bishara ya rubuta wa ofishin ekklisiyar Wusasa tun da wuri, a sanar da su ranar zuwa da abin da ake so a gani, a kuma roƙi masauki. Watan Janairu ko Fabrairu ya fi, an gama sussuka, ba a fara sharar gona ba. In wakilai sun komo a ba su lokaci bayan sujada ran Lahadi su ba da rahoto a gaban kowa, maza da mata, a rubuta shi cikin littafin ƙungiya, sa'an nan a kaɗa ƙuri'a a kan ginin. Kafin nan kuwa, ko za a rushe ko ba za a rushe ba, a sa ranar gayya a toshe tsaga, a share magudana, a tara kwasfar ɗorawa in ta nuna, domin tsohon bangon zai sha damuna ɗaya aƙalla kafin a gama shawara.